Icen da Baba Ya Kafa Bayan Rumbu

Mutanen da suka zo mana gaisuwar rasuwar Baba, uban mijina, kusan duk abu ɗaya suka yi. Su zauna a tabarma, su ce ya haƙuri, a ce da godiya, a yi addu'a a shafa. Can sai ka ga mutum ya miƙe, ya zaro salula daga aljihu, ya nufi bayan rumbu don ya sanar da wani nasa da bai ji ba. Sai ya isa ya yi tsaye, ya ɗaga kai sama. Babu kome a wurin sai rami a ƙasa da guntun igiya.

Wata ƴar'uwar Baba da ta zo daga Sukukutane, tsohuwa ce tukuf, ta leƙa ramin ta ce, "Kai jama'a, har icen ya tahi da shi?" Ba ta san abin da ya faru ke nan ba.

Wani saurayi kuma bakinsa ya kuɓuce, ya ce a gaban maza, "To yanzu ina za mu samu rezon waya?" Ubansa ya ɗaga takalmi. Liman ya riƙe hannun uban ya ce, "Bar shi. Shi ma gaisuwa ce ya yi."

Wanzamin garin, abokin Baba tun suna yara, bai yi kuka a maƙabarta ba, in ji waɗanda suka je. A bakin ramin nan ya zo ya zauna, ya rufe fuska da hularsa.

Ni surukarsa ce. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba zan rubuta shi yanzu ba. Amma na ga in ban rubuta ba, wata rana za a kafa babbar eriya a kusa, kowa ya riƙa waya daga kan gadonsa, a manta da tsohon da ya nemo wa garin nan rezo da toka.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne cikin kwari, tsakanin Gesheme da Tibiri, tudun rairayi ya tsare mu. Da aka kawo ni daga Dogon Dutsi, inda na yi kwaleji, abin da ya fara ba ni tsoro shi ne salulata ta koma fitila kawai. Mai son waya sai ya fita gari ya hau tudu. Maza suna hawa. Mace kuwa, balle amarya, ba ta zuwa ta tsaya kan tudu gari duka na kallonta.

Mijina shi ne ɗa namiji ɗaya da ya rage wa Baba. Bayan an haifi ɗiyarmu ya tafi Aljeriya aikin gini. A hanya aka ƙwace salularsa, can kuma ba shi da takardun da zai riƙe layi nasa. Lamba ɗaya ya haddace a duniya, ta ubansa. In ya samu mai ara masa waya, ita yake kira. In bai same ta ba, shi ke nan, mu ba mu da inda za mu neme shi, don lambar da ya kira da ita jiya ta wani ce da ya riga ya wuce gaba.

Wannan ya sa Baba ya ce rezo zai shigo gidansa ko yana so ko ba ya so.

Ga yadda ya yi. Ya ɗaure salularsa a kan doguwar sandar da ake kakkaɓo wa awaki ganye. Ya tura wanzami kan tudu da tasa salular, ya ce ya yi ta kira, kada ya gaji. Shi kuma ya riƙa zagaya gida da sandar a sama, a hankali, kunnensa a karkace. Duk inda ta yi ƙara sai ya tsaya ya zuba toka da ludayi. In ta yi ƙara da kyau, ya ƙara ludayi. Kafin rana ta faɗi tsakar gidan ta yi fari-fari, wajen murhu babu, wajen rijiya kaɗan, bayan rumbu tsibi. Ya ce gobe zai duba ya zaɓa.

Da safe Inna, matarsa, ta yi shara kamar kullum.

Ban taɓa jin sun yi faɗa irin na ranar ba.

"Ke, wa ya aike ki?"

"Wa ya aike ni share gidana? Tun ina yarinya nike kwashe toka daga gidan ga, kai ka tsufa ka koma zubawa."

"Aikin yini guda kinka share!"

"Aiki? Tsohhi biyu, ɗaya kan tudu shina ta latse-latse, ɗaya na yawo da sanda kamar ɗan bori. Wanga shi ne aiki?"

"Ɗanki nike nema miki."

Ta jingine tsintsiya ta shiga ɗaki. Bai ci tuwonta ba ranar, ya ce ba ya jin yunwa, amma furar da na aika zaure ƙwarya ta dawo a lashe. Washegari suka sake aikin shi da wanzami, wannan karon da ƴan turaku. Inna kuwa na ga ta ɗaure awaki duka don kada su tumɓuke masa.

Wurin da ya ci shi ne bayan rumbun hatsi, kusurwar da ke kallon Gesheme. Ranar kasuwar Tibiri ya sayo icen turare mai tsawo, aka kawo a amalanke. Ya sa zoben ƙarfe a samansa, ya zura igiya, kamar yadda muke ɗaga tuta a makaranta. Da farko cikin gwangwanin tumatir ya sa salular ya ɗaga. Ta yi gum, ko sanda ɗaya ta rezo babu. Ya zauna yana harararta. Ni ba na yi masa magana kai tsaye, saboda haka na gaya wa Inna cewa ƙarfe yana tare rezo, ita kuma ta ɗaga murya ta gaya masa, alhali yana nan zaune yana jinmu. Ya sauke, ya canza da ƙoƙo, ya ɗaga, ta yi ƙara. Ya ce, "A hwaɗa ma ƴar lakwal ta yi gaskiya." Lakwal muke ce wa makarantar boko, daga ranar kuwa sunana ke nan a bakinsa.

Rana ta riƙa gasa salular a sama har ta kashe kanta. Sai ya saƙa mata ƴar malfa da kaba, daidai kan ƙoƙon. Baƙi in sun zo sai sun yi dariya. Mai gyaran rediyo a kasuwar Gesheme ya haɗa masa wayoyin abin sawa a kunne, ɗaya bayan ɗaya, har suka sauko ƙasa. Salula tana sama, mutum yana zaune a ƙasa, ya danna ɗan maɓalli ya amsa. In hadari ya taso sai a sauke da sauri. Wani lokaci kuma rezon Najeriya ne yake shigowa ya cinye kiredi, don iyaka ba nisa. Baba ya gane in ya sassauta igiya kamu biyu, namu yake dawowa. Yakan ce, "Kada ku kai ta ƙololuwa, za ta tsallaka iyaka ba takarda."

Kullum bayan la'asar yake ɗagawa. Ya shimfiɗa buzunsa a gindin icen, ya zauna yana tufka igiya ko yana gyaran kalmen noma, har magariba. Maƙwabta suka riƙa kawo nasu salulolin. Bai taɓa korar kowa ba, sharaɗinsa ɗaya ne, ba a yin ƙarya a gindin icensa. Wata rana wani mutum yana waya da yayansa da ya aike shi, ya ce, "Wallahi ina Tibiri yanzu haka." Baba ya matso bakinsa kusa da wayar ya ce, "A'a, shina gidana, kan buzuna." Mutumin ya yi wata bai dawo ba. Da ya dawo Baba ya matsa masa wuri kamar ba a yi kome ba.

Daga baya samari suka zo da manyan saluloli. Sai a ɗaga ɗaya a ƙoƙo tana rarraba wa sauran rezo, su zauna zobe a ƙasa suna sauraren saƙon murya. Baba bai san yadda abin yake ba, amma ya lura ƴan matan da ke zaune bayan katangar laka ba sa samu, sai wadda ta matso bakin ƙofa. Ya ɗauko gatari ya huda taga a katangar, daidai inda ke kallon icen. Inna ta ce ya ɓata mata katanga. Ya ce ai ɗakin dahuwarta ma zai sha iska. Ta wannan tagar ƙanwar mijina ta riƙa karɓar darussan da ƙawayenta ke turo mata daga Tibiri.

Abin da ya yi mini kuwa, ban taɓa gode masa ba, don babu bakin da zan yi godiyar da shi. In mijina ya kira, Baba zai gaisa da shi, ya tambayi aiki, ya ba shi labarin gona. Can sai ya cire abin kunnen ya rataye a ice, ya miƙe ya ce da ƙarfi, "Tumakin ga ban yarda da su ba, bari in gano su." Ya kori duk wanda ke wurin, ya ce su zo su taya shi. Tumakin suna nan lafiya a turke, kowa ya sani. Ni kuma in fito da ɗiyata a baya, in zauna a gefen buzun, ba a kansa ba. Ba ya dawowa sai ya ji na koma daka, kuma sai ya yi gyaran murya tun daga zaure.

Daga girbin bara kiran ya tsaya. Labari ya zo cewa ana kama baƙi a Aljeriya, a loda su a mota a zubar a bakin iyaka cikin hamada, su tako da ƙafa. Waɗansu sun iso gida. Waɗansu ba a ji ɗuriyarsu ba. Inna ta daina tambaya. Ni na daina cin abinci sosai. Baba bai fasa ɗagawa ba ko rana ɗaya, ko yana zazzaɓi. Wanzami ya ce masa ya huta, ya ce, "In yaron ga ya samu waya sau guda, ta ɗan lokaci kaɗan, ya tarad da ita kashe, mi zan ce?"

Farkon shuka ya ga gara ta ci gindin icen. Da hantsi shi da wanzami suka tumɓuke shi suka kwantar, don ya sare inda ya ruɓe ya shafa baƙin mai, a mayar kafin la'asar. Wanzami ya tafi askin suna. Maza duk suna gona. Ina daka na ji saran gatari ya tsaya. Sai na ji ya ce, "Ƴar lakwal, ruwa." Bai taɓa neman abu a wurina kai tsaye ba. Na kawo. Na tarar da shi zaune a ƙasa, hannunsa a ƙirji, gumi ya jiƙa masa riga. Ya kai moɗa baki, ruwan ya zube, ya kife a gefe.

Na yi ihu, Inna ta fito. Na ɗauki salular don in kira mai mota a Gesheme. Babu rezo. Icen yana kwance a ƙasa, ba zan iya ɗaga shi ni kaɗai ba. Na hau turmi na miƙa hannu. Na kama kafar rumbu na hau. Babu. Sai na fita da gudu, ba mayafi ba takalmi, na nufi tudu. Rairayi yana riƙe mini ƙafa, ina faɗuwa ina tashi. A can sama ta kama, na samu mai motar, ya ce ga shi nan. Da na dawo Inna ta riga ta rufe masa ido, ta lulluɓe shi da zanenta.

An ce mini ko da motar tana ƙofar gida ba abin da za ta yi. Wataƙila. Ni dai har yau in na taka rairayi mai laushi sai gabana ya faɗi.

Samarin da suka zo haƙa kabari daga ƙauyen da ke kusa ne, don namu ba su dawo daga gona ba tukuna. A ƙasarmu ice yana wuya, kuma sai da gajerun itatuwa ake jerawa a kan kabari kafin a zuba ƙasa. Suka shigo gidan mamaci, suka ga busasshen ice miƙaƙƙe a kwance, ga gatari a gefensa. Suka ɗauka mutanen gida ne suka fitar musu. Suka sassare shi gunduwa-gunduwa suka tafi da shi. Babu wanda ya lura sai bayan an dawo. Ban ga laifinsu ba. Kowa a wurinsu haka zai yi.

Ƙanen Baba ya iso da yamma daga Dogon Dutsi. Ɗan kasuwa ne, mutum mai tsoron haƙƙi ƙwarai, mu muna ce masa Baba Ƙarami. Ya tattara kayan marigayi duka, riguna, buzu, rediyo, gatarin nan, har da salular. Ya kashe ta, ya sa a akwati, ya kulle. Ya ce kayan mamaci na magada ne, ba mai taɓa ko allura sai sun taru an raba. Babu wanda ya musa, don gaskiya ya faɗa, haka ake yi.

Ni kuwa duk la'asar sai in tuna lokacin ɗaga salular ya yi. Ina raba wa baƙi ruwa, ina kallon akwatin ta ƙofar ɗaki. Ina tunanin mutum a wani wuri da ban sani ba, ya roƙi waya, an ba shi, ya danna lambar da ya sani, an ce masa a kashe take.

Bayan sadakar uku Baba Ƙarami ya yi shirin komawa, makulli a aljihunsa. Ban taɓa magana a gaban mazan gidan ba. Na je bakin zaure na durƙusa.

"Baba Ƙarami, salular nike roƙo."

Ya dube ni da tausayi. "Ɗiyata, ba tawa ba ce balle in ba ki. Haƙƙin mijinki na ciki, da na ƴan'uwanshi mata. Ki yi haƙuri sai ya zo."

"Ba ya zuwa in bai sani ba. Ba ya sani in tana cikin akwati."

Wani dattijo ya ce yarinyar ga ta yi ƙarfin hali. Baba Ƙarami ya ce za a yi cigiya ta bakin masu tafiya arewa. Na so in ce cigiya a ina, arewa da faɗi. Sai muka ji murya daga ɗakin takaba, ta bayan asabari. Inna ce.

"Alhaji."

"Na'am, Yaya."

"In gado ne, ni ma ina da tumuni cikin salular ga, ko ba ni da shi?"

"Kina da shi."

"To ka ba yarinya tumunina ta ɗaga."

Liman ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna motsi. Baba Ƙarami ya cire madubin idonsa ya goge, ya daɗe yana gogewa. Ya sa aka kira ƴaƴan marigayi mata, ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko sun yarda. Suka ce sun yarda. Ya kafa Liman da wanzami shaida cewa amana ce a hannuna har mijina ya zo. Sannan ya buɗe akwatin.

Bai koma Dogon Dutsi ranar ba. Tibiri ya tafi, ya dawo da icen turare ɗaure a kan mota. Shi ya riƙe shi da babbar rigarsa a jiki, wanzami yana dandaƙe ƙasa a gindi, a ramin da yake na da. Icen bai kai wancan tsawo ba. Na sa salular a ƙoƙo, na ɗaga, Baba Ƙarami ya hau tudu da kansa ya kira. Ta yi ƙara.

Daga nan wani tsoron ya zo, wanda ban yi tunaninsa ba. Da ina tsoron kada ya kira ya tarar a kashe. Yanzu ina tsoron ya kira, don damina ce, bayan la'asar maza suna gona, Inna tana ɗaki, ni kaɗai ce a gindin icen. A garinmu babba ne yake gaya wa mutum rasuwar ubansa, sai an zaunar da shi, an kewaya da magana. Na riƙa shirya abin da zan ce ina tankaɗe, ina wanki, ina sake shiryawa. Duk ƙarar da ta yi sai in danna maɓalli, in ji mai gaisuwa ne daga nesa, ko wanda ya yi kuskuren lamba.

Hatsi ya kai gwiwa ranar da ya kira. Lamba ce ta ƙasarmu, ban san ta ba. Na danna maɓallin.

"Salamu alaikum. Baba?"

Muryar ta dushe, amma shi ne. Duk abin da na shirya ya gudu. Na ce, "Ni ce."

Ina jin hayaniyar maza a bayansa.

"Ina Baba?"

"Sai haƙuri."

Na ji ya yi salati, a hankali, ya maimaita. Ya ce, "Yaushe?" Na ce farkon shuka. Wani a kusa da shi yana cewa ya yi sauri. Ya ce sun tako hamada, yana Arlit, can arewacin ƙasarmu, a wani wurin da ake tara waɗanda aka koro. Ya ce, "Yarinya fa?" Na ce tana tafiya da ƙafarta yanzu. Ya ce, "Ki ce ma Inna ina raye. Ina tahe." Layin ya yanke.

Na je ƙofar ɗakin takaba na durƙusa. Ta riga ta ɗaga asabarin, tasbaha a hannunta.

"Shi ne?"

"Shi ne, Inna. Shina raye. Ya ce shina tahe."

"Kin hwaɗa mishi?"

"Na hwaɗa."

Ta ajiye tasbahar a kan tabarma. Ta ce, "To. Yau anka rufe Malam, tunda ɗanshi ya ji." Sai ta jawo ni jikinta, muka yi kuka mu biyu har awaki suka dawo.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa makwanci, Ya kawo ɗansa lafiya ya tsaya a kan kabarinsa.